Sunan da Turmi Bai Rufe Ba

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce. Da tatsuniya ce da na ji sanyi, don ita in ta ƙare kowa tashi yake ya kaɗe zanensa ya tafi.

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar wunin bikin jikata Hindatu, ranar da muryata ta hau saman zaure ta faɗi abin da bakina ya tsufa yana riƙewa.

Amma bari in faro daga tushe, don wanda bai san inda na hau ba, ba zai san nisan faɗowar ba. A ƙauyenmu, nan tsakanin Bagwai da Ɗanbatta inda gonar wani ke ƙarewa a gindin katangar wani, in ana maganar kunyar ɗan fari, ni ake nunawa da baki. Tun da na haifi yaron nan (kun ji ko? da furfura a gemunsa, amma har gobe "yaron nan" ne) ban taɓa kama sunansa ba. Ban taɓa yi masa dariya a gaban mutane ba. Ranar da sa ya tunkuye shi a gona aka shigo da shi ranga-ranga, ina shiƙar gero a tsakar gida, ban ajiye ƙwaryar ba. Gero na zubewa kaji na tsincewa, amma ban waiga ba. Mata suka ce, "Wannan kam ta san gidan da ta fito." Na ɗauki yabon na ɗaura kamar ɗankwalin salla, na yi ta yawo da shi.

Kuma ban tsaya a kaina ba. Duk yarinyar da na ji ta wage baki ta kira ɗanta na fari da sunansa, sai na tare ta ko a bakin rijiya ne. "Ke, a gidanku ba a koya miki ba?" Matar yaron nan ma ta sha wannan faɗan har ta ƙoshi, don Hindatu ce farinta, kuma takan ƙwala mata kira gatsal kamar mai kiran akuya.

To, ku riƙe wannan a hannun dama. A na hagu ku riƙe Gambo.

Ni da Gambo kaka ɗaya aka kawo mu garin nan aure, katanga ɗaya ta raba ɗakunanmu. Turmi ɗaya muka tsufa a kai. Ni ke ba da waƙa, ita ke amshi. Muryata siririya ce, tata kuwa kauri gare ta, kamar mai magana daga cikin randa. In muna lugude, muna jefa taɓarya sama muna tafawa muna cafewa, har masu wucewa kasuwa sukan rage tafiya. Daga baya inji ya zo, na niƙa da na surfe. Turmi ya koma abin zaman yara. Waƙoƙin daka suka yi ta bin masu su ƙasa, har ya rage a bakinmu mu biyu kawai suke.

Da aka sa ranar Hindatu, ta shigo ɗakina ta zauna mini a kan ƙafa kamar yadda ta saba.

"Tsohuwa, waƙarku nake so a bikina. Ke da Iya Gambo. A ɗauka a situdiyo, a sa a lasifika."

"Mu da ba mu da haƙora?"

"Ai ba tauna za ku yi ba."

Na ce a'a. Gambo ce ta karya ni. A lokacin tari ya riga ya kama ta, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ta dafo katanga ta leƙo ta ce, "Ke, tashi mu je. In na mutu wa zai amsa miki? In kin mutu wa zan amsa wa? Tunda inji ne ya cinye mu, gara mu shiga cikinsa da ƙafarmu."

Haka yaron nan ya ɗauko mota, aka cusa turmi a but, taɓare suka leƙo ta taga kamar masu kallon hanya, muka nufi Ungogo. Ya sauke mu a ƙofar wani shago, ya wuce kasuwa sayen kayan ɗakin amarya.

Mai wurin sunansa Nazifi, magidanci ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe mu. Ɗakin ba taga, an manne bangonsa da soso da kwalin ƙwai (na so in tambayi inda kajin suke, Gambo ta taka ni). A kan tebur akwai wasu akwatuna biyu baƙaƙe da ƙura a kansu. Ya ce lasifikokin aikinsa ne, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone su. Bai faɗe shi da damuwa ba, don yana da abin da yake ji da shi. Ya buɗe wata jaka ya fito da shi a hankali kamar mai ɗaukar jariri: ƙoƙuna biyu masu laushin baki, an haɗa su da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke bi ta tsakiyar ka.

"Iya, hedifon ake ce masa. Akwai mai huji-huji a baya da iska ke ratsawa, akwai rufaffe. Wannan rufaffe ne: na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga. Kuma ba irin na kowane situdiyo ba ne, na manyan masu jin kiɗa ne, waɗanda ke kishingiɗa su lumshe ido. Da shi zan ɗauka, da shi zan haɗa sautin. Ko lasifika ba na bukata."

Gambo ta kalle shi ta kalli ƙoƙunan. "Na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga. Ɗana, ai kabari ke nan."

Muka yi dariya dukanmu. A lokacin abin dariya ne.

Turmi aka fara ɗauka. Muka daka ɗan gero har numfashin Gambo ya fara sarƙewa, ya ce ya isa, injin zai yi ta maimaitawa. Sai ya tsayar da ni gaban wani ƙarfe mai kan raga, ya kifa mini ƙoƙunan a kunne.

Duniya ta mutu. Ban ji janareta ba, ban ji tarin Gambo ba, ga bakin Nazifi na motsi kamar na kifi. Sai turmi ya taso daga cikin kaina, dum, dum, da nauyin da bai taɓa yi a tsakar gidanmu ba. Na buɗe baki na ba da waƙa. Jama'a, abin da ya dawo mini ba muryar tsohuwa ba ce. Yarinyar nan ce da aka kawo gari a kan doki da lalle a hannu. Ba rawa, ba kaushi, ba iskar da ke fita ta wawulo. (Ina gaya muku gaskiya, sai da na gyara ɗaurin ɗankwalina. A ɗakin da ba madubi.)

Na yi nawa, Gambo ta sa ƙoƙunan ta yi amshinta ita kaɗai, abin da ba mu taɓa yi ba tun da muke. Aka dawo da su kaina don in sake wani baiti. Nan tari ya sarƙe ta sosai, Nazifi ya kama ta suka fita ta sha ruwa. Ya bar turmi na bugawa a kunnena.

Ga ni ni kaɗai. Ba na jin kowa, sai zuciyata ta gaya mini kowa ma ba ya ji na. Wautar jimina ke nan, ta tura kai a rairayi ta bar sauran jiki a waje. Na lumshe ido. Akwai wata waƙa da ko Gambo ba ta sani ba, wadda nake yi a ciki, leɓe a rufe, tun yaron nan yana goye a bayana ina daka. Ranar nan leɓen ya buɗe.

Na kau da kai, zuciya ba ta kau ba.
Na ce "yaron nan", a ciki ina kiran ka.
Wane, Wane, tumun gonata,
In ka yi tuntuɓe, ni ƙafata ke ciwo.

Inda na ce "Wane" ɗin nan, a can ba Wane na ce ba. (A nan ba za ku ji shi ba. Sau ɗaya ya ishe ni har lahira.) Na maimaita, na sake maimaitawa, na ja sunan kamar mai jan zare, hawaye na bi ta ƙarƙashin ƙoƙunan.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Nazifi ne, idonsa ya yi ja. Ashe bai kashe injin ba da zai fita.

"Iya, wannan ita ce waƙar."

"Goge ta."

"Don Allah, Iya. Ni ma ɗan fari ne. Har Innata ta rasu ban ji sunana a bakinta ba."

"To ta mutu da mutuncinta. Goge."

Ya durƙusa. Ya ce ba sai an goge ba, zai tura ta ƙarƙashin turmi, a can ƙarshen waƙar. Za a ji daɗin murya, ba za a tsinci kalma ko ɗaya ba. Ya sa ƙoƙunan a kansa, ya yi ta murɗe-murɗe a kwamfuta yana gyaɗa kai. Ina ji yana cewa turmin ya cika nauyi bari ya rage shi, muryar Iya Gambo ta cika kauri bari ya ɗan sassaƙe ta. Da ya gama ya kifa mini.

Gaskiya ya faɗa. Turmi na rugugi kamar hadari, Gambo na amshi daga cikin randarta, ni kuwa can ƙasa kamar ƙudan zuma a bayan bango. Na kasa kunne iya kasawa, ban ji sunan ba. Abin da na ji shi ne yarinyar nan mai lalle. Na ce ya sake sa mini. Ya sake. Na ce to, a bar ta.

Ni da ko ƙwarya zan saya sai na fita da ita rana na ɗaga na duba tsaga. Amma ban ce masa, "Fito da abin nan fili mu ji yadda yake a iska" ba. Wanda aka yaba wa murya ba ya neman shaida.

Ranar wuni ta zo. An gama girbi, rumbuna cike, gida ya cika da mata har bakin turke. Dangin ango sun zo mota guda daga Ɗanbatta. Maza na waje ƙarƙashin darbejiya, yaron nan na tsakiyarsu yana karɓar gaisuwa. An ɗaura lasifika biyu a saman zaure, masu bakin kakaki irin na masu tallan magani a kasuwa, ɗaya ta kalli cikin gida ɗaya ta kalli waje. An shimfiɗa mana darduma ni da Gambo a gaba. Ta sa zaninta na saƙi da ta ajiye shekaru, ta shafa kwalli, aka riƙo ta aka zaunar. Bayan la'asar Hindatu ta sa aka yi shiru, aka ce ga waƙar tsofaffi.

Abin da ya fara fitowa, na ɗauka lasifikar ce ta lalace. Turmin nan mai rugugi ya koma ƙwas, ƙwas, kamar kaza na tsattsagar faranti. Sai muryata. Ba yarinya, ba lalle. Tsohuwa ce tsurarta, mai rawa, mai shan iska, har ana jin inda wawulo ke busa. Na ba da baiti, inda amshi zai shigo sai wani ɗan gunaguni kamar ƙuda a cikin kwalba.

Gambo ta matso da kunnenta. Ta jira baiti na biyu. Ta jira na uku. Ta juyo ta kalle ni.

"Ni ina nake?"

Ni kuwa na riga na gane abin da ke tafe. In turmin da zai rufe ni ya zama tsinke, me ya rage a kaina? Na yunƙura in tashi, gwiwa ta ƙi. Na ɗaga hannu ina nuna zaure, mata suka ɗauka rawa nake, wata har ta rangaɗa guɗa.

Sai ta fito. Tas, kalma bayan kalma, kamar mai shela ranar kasuwa. Na kau da kai, zuciya ba ta kau ba. Sunan ya hau iska ya ƙetare katanga, ya bi ta kan karan dawa, na tabbata har masu kiwo a fadama sun ji. Kuma ba sau ɗaya ba. Kun tuna na ce na ja shi kamar zare? Haka ya fito, har da shessheƙar.

Guɗar ta tsaya a maƙogwaron mai ita. Tsakar gida ta yi tsit, irin tsit ɗin cikin ƙoƙunan nan, sai dai wannan da idanu a ciki. Yaran matan da na sha tarewa a bakin rijiya suna nan reras, kowacce ta sa gefen mayafi a baki. Matar yaron nan ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na motsi (har yau ban sani ba kuka take ko dariya, kuma ba zan tambaya ba). Wata tsohuwa daga dangin ango, da ba ta san ni ba, ta ce da ƙarfi irin na kurame, "Wane ne wannan ɗin da ake kira? Saurayinta ne na da?"

Wata ta amsa mata, "Uban amarya ne. Ɗan farinta."

"Af," in ji tsohuwar. Wannan "af" ɗin ya fi mari.

Na ja mayafi na rufe fuskata gaba ɗaya, kamar ni ce amaryar. A waje ban ji motsin kowa ba. Daga baya aka gaya mini yaron nan ya tashi tsam, ya bar takalmansa a bakin tabarma, ya bi hanyar gona.

Washegari Nazifi ya zo da kansa, ya tsuguna a ƙofar ɗakina bai ko ɗaga labule ba.

"Iya, na cuce ki. Abin nan wajen ɗaukar murya ya yi, don ba ya yoyo. Amma haɗa sauti da shi kaɗai, kuskure ne. An yi shi ne don ya faranta wa mai ji, yana kumbura duk abin da ke da kauri. Ni ina ta ragewa ina ganin daidai nake yi, ashe kashewa nake."

"Maroƙi ka saya ke nan, ba alƙali ba."

"Haka ne, Iya. Amma na asalin yana cikin kwamfutata. Ki ba ni dama in je wurin abokina mai lasifika in sake haɗawa, in cire wancan wurin, in ɗaga muryar Iya Gambo."

Nan ne ya kamata in yi hankali. Amma a lokacin yara na wucewa ta bayan katanga suna rera "tumun gonata" da muryar tsofaffi. Na ce duk abin da ke da muryata a injinsa ya goge, in ya bar ko tari ban yafe ba. Ya ce, "Iya, da ta Iya Gambo fa a ciki." Na ce na faɗa. Mutum ne mai jin tsoron bakin tsofaffi. Ya goge. Abin da ya rage a duniya shi ne wancan gurgun da aka sa a biki, wanda ya riga ya shiga wayar kowa.

To, ga yadda kowa ya ƙare.

Hindatu tana Ɗanbatta, ta haihu, kuma tana kiran ɗanta na fari da sunansa a gabana tana kallon cikin idona. Wa zan yi wa faɗa? Bakin rijiya ma na daina zuwa.

Nazifi ya gyara lasifikokinsa. An ce yanzu duk abin da ya haɗa sai ya ji shi a lasifika, ya ji a waya, ya fita ya ji a rediyon mai shayi, kafin ya ba mai shi.

Gambo ba ta ga damina ba. Ba ta taɓa yi mini maganar sunan ba, ko da wasa. Abu ɗaya ta ce, ranar da na je duba ta tana kwance: "Ashe har injin ma bai amsa mini ba." Na ce za mu koma mu sake. Ta ce to. Mu biyun mun san ƙarya nake.

Yaron nan kuwa, gaisuwarmu ta koma daga bakin ƙofa, shi kansa a ƙasa, ni fuskata a bango. Da can kunya ce ta ado, yanzu ta gaske ce. Bayan an yi sadakar Gambo, wata safiya na ji sallamarsa. Ya turo wata jaka ta ƙarƙashin labule ya ce, "Inna, ga wannan." Ya tafi. Na buɗe: ƙoƙunan ne, da wata 'yar waya da waƙar a ciki. Ashe tun bayan biki ya je ya saye su a hannun Nazifi. Bakinsu mai laushin ya riga ya lotsa, kuma ƙamshin turarensa ya kama su. Ban tambaye shi abin da yake ji a ciki ba.

Ni ce ta ƙarshe. Kullum in rana ta yi sanyi nakan zauna a kan tsohon turminmu in kifa su a kunne. A waya tsurarta Gambo ba ta nan, a lasifika ba ta nan. A cikin maƙaryacin nan kaɗai take, da kaurin muryarta, tana amsa mini baiti bayan baiti kamar ba ta je ko'ina ba. Na ciki ba ya fita, na waje ba ya shiga. Gambo ce ta fara raɗa masa suna: kabari.

Nan ta tsaya, ba a kan kusu ba, a kaina. In za ku tafi da wani abu, ku tafi da wannan: abin da za a sa a saman zaure, kada a auna shi a cikin kunne. Kuma duk wanda ya ce maka muryarka ta dawo ta ƙuruciya, ka fita da shi rana ka duba tsaga.